Zauren Shari'a: Wata bakwai sojoji na bakin layinmu, kotu za ta iya tashe su?

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan watan, domin duk kukansu iri ɗaya ne. Na cire sunayen masu su da na garuruwansu, kamar yadda uku daga cikinsu suka roƙa.

Tambaya: Barista, salamu alaikum. Ni tela ne, shagona yana bakin layinmu. Bayan wata hatsaniya da aka yi a unguwa aka kawo sojoji, suka jera buhunan yashi da durom a mashigar layin. Da farko murna muka yi, har matan unguwa na aika musu da tuwo. Yau wata bakwai ke nan. Ƙarfe bakwai na yamma ake rufe layin. Mai babur sai ya sauko ya tura, wanda ya manta waya na kunnensa sai ya sha tsallen kwaɗo. Yaron shagona an sa shi ya kwanta cikin kwata don ya dawo daga kai ɗinki bayan isha'i. Sun kuma karɓe aji biyu na islamiyyar unguwa suna kwana a ciki. Ɗinkin daren azumi, wanda da shi muke yin shekara, bana ko ƙwandala ban gani ba. Za mu iya kai ƙara a tashe su?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ku iya shigar da ƙarar, amma gara in faɗa maka gaskiya tun kafin ku fara karo-karon kuɗin lauya. Ƙarar da ke cewa "a kwashe sojoji daga unguwarmu" ita ce mafi wuyar ci a cikin duk abin da ka lissafa. Ƙarar yaronka da aka kwantar a kwata, da ta ajujuwan islamiyya, da ta rufe layi ƙarfe bakwai, waɗannan kam suna da ƙafar tsayawa.

Ga inda matsalar take. Tsaron cikin gari aikin 'yan sanda ne. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan soja: kare ƙasa daga harin waje, tsare iyakokinta, sannan murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda. Wannan na ukun yana da sharaɗi biyu: sai shugaban ƙasa ya kira su, kuma sai bisa ƙa'idojin da Majalisar Dokoki ta Tarayya ta gindaya a doka. Da a nan maganar ta ƙare, da aikina ya zo da sauƙi. To amma sashe na 218 ya ba shugaban ƙasa ikon tsara yadda za a yi amfani da sojoji, kuma sashe na 8 na dokar rundunonin soja ya ce wannan ya haɗa da tabbatar da tsaron jama'a da zaman lafiya. Lauyan gwamnati a nan yake shimfiɗa tabarmarsa. Zai miƙe ya ce, "Ya Mai Shari'a, akwai rahoton sirri." Alƙalai kaɗan ne ke son a ce su suka ba da umarnin janye sojoji, washegari kuma aka wayi gari da gawa a unguwar.

Ba wai kotu ba ta taɓa taka wa sojoji burki ba. A ƙarshen 2019 rundunar sojan ƙasa ta sanar da wani atisaye da za ta riƙa tsayar da mutane a faɗin Najeriya tana neman katin shaida. Lauya Femi Falana ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, kuma a 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya yanke cewa sojoji ba su da wannan hurumin. Lura da abin da aka ƙalubalanta a can: wani aiki guda, sananne, da ake shirin yi wa farar hula. Irin wannan hanyar nake so ku bi.

Ɗauki rufe layi. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, kuma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, amma ta hanyar doka. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba shari'ar wata mata da aka kama a Legas don ta fito da safiyar Asabar ɗin tsaftar muhalli, ta ce umarnin gwamna da baki ba doka ba ne, ba a hana mutum fita da shi. To in maganar gwamna ba ta isa ba, ina ga ta saje mai gadin durom? Tambayar farko da lauyanku zai yi ita ce: wa ya sa dokar hana fitan, a wace takarda take, yaushe za ta ƙare?

Tsallen kwaɗo da kwanciya a kwata kuwa, sashe na 34 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25, ba ta kuma karɓar uzurin "oga ne ya sa ni". Ajujuwan islamiyya suna ƙarƙashin sashe na 44, wanda ya hana a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi sai bisa doka da biyan diyya. Wanda filin yake hannunsa, ko kwamitin makarantar, shi ya fi dacewa ya tsaya a kan wannan.

Yanzu ga abin da ba a koya mana a aji ba. Shari'a irin wannan a kan takardar rantsuwa ake yin ta, galibi ba a kiran shaidu su yi magana, saboda haka abin da ka rubuta shi ne bakinka. Na taɓa riƙe ƙarar wani mai sayar da lemo da aka fasa wa baki a wani shinge. Mutum ne mai gaskiya, tabon ma yana nan a leɓensa. Amma sai bayan wata biyar ya zo wurina, a kemis aka ɗinke shi, babu katin asibiti, kuma da na tambaye shi ranar sai ya ce "wajen tsakiyar damina ne". Ɗaya ɓangaren suka kawo rantsuwa mai layi shida, suka ce ba su da jami'i a wannan titin a wannan watan. Muka faɗi. Har yau in na tuna yadda ya naɗe hularsa ya cusa a aljihu a harabar kotu, raina yana ɓaci.

Saboda haka, Malam, sayi littafin rubutu na naira ɗari biyu ka ajiye a ƙarƙashin keken ɗinki. Duk abin da ya faru ka rubuta: rana, ƙarfe nawa, wa aka taɓa, su wa suka gani, lambar mota in an iya karantawa, sunan da ke ƙirjin riga in ido ya kai. Wanda aka daka ya tafi asibitin gwamnati a ranar, ya karɓi kati, a ɗauki hoton raunin a gida. Kada wani matashi ya ɗaga waya a gabansu da sunan tara hujja, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Kafin kotu, ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da limami da shugaban 'yan kasuwa zuwa ga kwamandan da yaran suke ƙarƙashinsa, ku ba kwamishinan 'yan sanda da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam na jiharku kwafi. Rundunar sojan ƙasa ma ta buɗe teburin karɓar koken take haƙƙi tun 2016. Ko'ina kuka kai, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Ku fara da godiya kan zaman lafiyar da aka samu, tunda gaskiya ce, sannan ku nemi abu uku a sarari: a buɗe layi, a daina horon farar hula, a saki ajujuwa. Na ga inda takarda irin wannan ta sa aka sauya yaran shinge cikin mako biyu. Na kuma ga inda aka jefa ta kwandon shara. Ko an jefar, hatimin nan ya zama hujjarku ta farko a gaban alƙali.

Tambaya: Barista, ni matar aure ce. Maigidana shi ne shugaban wata jam'iyyar adawa a mazaɓarmu. Tun da ya fara shiga rediyo yana magana kan kwangilar asibitin da aka yi watsi da ita, ba mu ƙara barci da ido biyu rufe ba. Sau uku ana gayyatarsa, a zaunar da shi tun safe har magariba ba a tambaye shi komai ba. Makon jiya da tsakar dare wasu masu ɗamara suka zo a mota biyu, ba su same shi ba, suka tafi da ƙaninsa ɗan shekara 19, suka ce in yayan ya kawo kansa za a sake shi. Kwana tara ke nan. Surukata ta daina cin abinci. Me za mu yi?

Amsa: Hajiya, Allah Ya kawo mafita, Ya ba Inna haƙuri. Taki ba ta jiran fitowar mujalla, shi ya sa na riga na amsa miki ta waya. Ina maimaitawa a nan don masu irin halinki.

Kama wani a madadin wani haramun ne ƙarara. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana, sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya sake nanatawa. Ko da maigidanki ya yi laifin da ya fi kowane girma, ƙaninsa ba jingina ba ne. Sannan sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin sa'a 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Kwana tara babu tuhuma, babu umarnin kotu, ya wuce duk wani kwana-kwana.

Hanyar ita ce ƙarar neman tabbatar da haƙƙin ɗan Adam, a ƙarƙashin sashe na 46 da ƙa'idojin 2009 da aka fitar zamanin Babban Jojin Najeriya Idris Legbo Kutigi. Alherin waɗannan ƙa'idojin shi ne ba sai wanda ke tsare ya sa hannu ba. Ke, ko mahaifiyarsa, ko duk wanda ya san abin da ya faru, zai iya yin rantsuwar a madadinsa. Lauya zai haɗa da buƙatar gaggawa, a umarci masu riƙe da shi su kawo shi kotu ko su sake shi. In babu kuɗin lauya, ki je ofishin Legal Aid (hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta) na jiharku, ko reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa ki nemi kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam. Akwai wata ƙofa kuma da mutane ba su cika sani ba: sashe na 34 na waccan dokar ta 2015 ya ɗora wa manyan majistare zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata, su duba waɗanda ke tsare, su ba da beli inda ya dace. Takarda ɗaya zuwa ga majistaren yankin tana iya sa a buɗe littafin waɗanda ke bayan kanta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ba ki faɗi ko su wane ne ba. "Masu ɗamara" na iya zama 'yan sanda, ko soja, ko jami'an farin kaya, ko rundunar haɗin gwiwa. Ki tambayi maƙwabta launin motocin da abin da aka rubuta a jikinsu. In an kasa tantancewa, lauya ya haɗa su duka a ƙarar, kowa ya zo ya rantse cewa yaron ba ya hannunsa. Rantsuwa a kotu tana da nauyin da "ba mu san zancen ba" na bakin ƙofa ba ta da shi.

Maigida kuma kada ya je ko'ina shi kaɗai, kada kuma ya ɓuya har a ce ya gudu. Lauya ya rubuta cewa a shirye yake ya amsa duk wata gayyata ta rubuce, da rana, tare da lauyansa. Zaman wuni uku da aka sa shi ya yi, a rubuta ranakunsu. Kotu ba ta cika hana hukuma bincike ba, amma idan aka jera mata gayyata uku babu tambaya ko ɗaya, kowacce kwana kaɗan bayan shirin rediyo, alƙali zai ga bi-ta-da-ƙullin da idonsa.

Ki gaya masa kuma ba kansa farau ba. A watan Janairun 1980 aka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, aka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Gwamnatin NPN ce a tarayya. Babbar kotun Maiduguri ta ce korar haramtacciya ce, ta ba shi diyya, ya dawo gidansa. Shekara 40 bayan haka, a Maris 2020, aka kai Muhammadu Sanusi II garin Awe na jihar Nasarawa bayan tuɓe shi daga sarautar Kano. Cikin kwana huɗu Mai Shari'a Anwuli Chikere ta ba da umarnin a sake shi, a ƙarshen 2021 kuma ta yanke cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki, ta sa a biya shi naira miliyan 10. Na san za ki ce waɗannan manya ne masu manyan lauyoyi. Haka ne. Amma haƙƙin da ya fitar da su shi ne dai wanda ƙanin mijinki zai dogara da shi, ba a rubuta musu wani daban ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mu matasa ne, muna son yin gangami a filin unguwa. An ce sai mun samo izinin 'yan sanda, in ba haka ba za a turo sojoji. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, kuma a Kano aka haifi amsar. A watan Satumban 2003 'yan sanda suka watsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, wai ba a ba da izini ba. Jam'iyyar da wasu takwarorinta suka je kotu, kuma a Disambar 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa sharaɗin neman izini kafin taro ya ci karo da tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma cewa ta yi aikinsu su ba taron kariya. Don haka ku sanar da su a rubuce, da rana da wuri da sa'a, ku karɓi hatimi. Sanarwa ce, kada ku rubuta "muna neman izini".

Batun soja a harkar siyasa kuma kotuna sun yi magana tun 2015, a Sakkwato da Legas da kuma hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara kan zaɓen gwamnan Ekiti, duk sun nuna cewa zaɓe ba fagen soja ba ne. Dokar zaɓe ta 2022 ta taƙaita neman sojoji da hukumar zaɓe za ta yi ga rakiyar kayan zaɓe da kare ma'aikatanta.

Sai dai ku tuna Agustan 2024. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Kano da Kaduna, aka fasa wurare, aka sa dokar hana fita, yara ƙanana suka yi wata uku a tsare, har wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamba kafin a janye tuhumar. Ku naɗa masu kula da sahu daga cikinku, ku tashi kafin la'asar ta yi sanyi, kuma kada ku bar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 ya shiga.

Tambaya: Barista, ku lauyoyi kuna cin kuɗinmu ne kawai. Wa ya taɓa kai soja ƙara ya ga ko sisi?

Amsa: Malam, ban ji haushi ba, rabin maganarka gaskiya ce. A Fabrairun 1977 sojoji suka ƙone gidan mawaƙi Fela Kuti a Legas, binciken gwamnati ya ɗora laifin kan sojan da ba a san ko wane ne ba, iyalan suka bi shari'a har Kotun Ƙoli suka faɗi a 1985. A Zariya, bayan arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Disambar 2015, inda gwamnatin Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne mutum 347 a rami ɗaya, Mai Shari'a Gabriel Kolawole ya ba da umarni a Disambar 2016 a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45, a biya su naira miliyan 50. Ba a bi umarnin ba. Sai a Yulin 2021 suka fito, ta hukuncin wata kotun daban. Ko ka ci shari'a ma, dokar aiwatar da hukunci ta ce ba za ka taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba sai da yardar Antoni Janar, wato sau da yawa mutumin da ka kayar.

Ga ɗaya rabin. Mutanen Odi a jihar Bayelsa, waɗanda sojoji suka rusa garinsu a Nuwambar 1999, sun samu hukuncin naira biliyan 37.6 a 2013, daga baya aka sasanta gwamnati ta biya biliyan 15. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Apo a Abuja. Ranar 20 ga Satumban 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango da 'yan ci-rani ke kwana, yawancinsu masu tuƙa Keke Napep daga Arewa, aka ce 'yan Boko Haram ne. Mutum takwas suka mutu, 11 suka ji rauni. Ƙungiyar masu keken ce ta kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, hukumar ta ce babu hujjar da ta nuna 'yan ta'adda ne, ta yanke miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane mai rauni, jimla miliyan 135. An yanke a 2014, kuɗin ya fito a 2018. Kotun ECOWAS da ke Abuja ita ma ƙofa ce, ba ta sharɗanta sai ka gama da kotunan gida, kodayake masu karatunmu na Nijar sun rasa ta tun ficewar ƙasar daga ƙungiyar a Janairun 2025.

In za ka shiga, shiga da sanin cewa shekaru za ka yi, kuma ka shiga da ƙungiya kamar masu keken Apo, kada kai kaɗai. Ka kuma kula da lokaci: ƙarar diyya ta yau da kullum a kan jami'in gwamnati wata uku kacal doka ta ba ka, ita kuwa ƙarar haƙƙin ɗan Adam ba ta da wa'adi. Idan lauya ya karɓi kuɗinka bai iya faɗa maka wacce daga cikin biyun zai shigar ba, karɓi takardunka ka nemi wani.